Za Su Sanyaya Mata Jini

A Gangara na haifi ɗiyata ta fari, ɗakin Inna, farkon damina. Tun da cikin ya tsufa maigidana ya maido ni gida daga Turba, kamar yadda ake yi. Ba ni kiran sunanta, nan ma ba za ni rubuta shi ba. Ita kuma Yaya take ce mini, don haka ta ji ƙannena suna kirana.

Kwana arba'in na yi ina wanka da tafasasshen ruwa. Inna ke tsoma ganyen dogon yaro cikin tukunya ta fyaɗa mini a baya, safe da marece, in na yi ƙara ta ce in rufe baki kada maƙwabta su ji. Sai kunun kanwa mai zafi, sai in kwanta bisa gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashinsa. Tabon yana nan a gefen cinyata har yau. Duk don kada sanyi ya shige ni. A wurinmu, ciwon da ya kama mutum ya ƙi saki, in ka bi sawunsa sanyi ne. Ciwon gaɓɓai sanyi ne, kumburin ƙafa sanyi ne. In mace ta daina haihuwa, sai a ce ba a gasa ta da kyau ba a wankan fari. Da wannan na tashi, kuma ban taɓa jin wanda ya musa ba.

Tun yarinyar tana wata biyu na gane ba daidai take ba. In ta kama nono, tsotsa uku ko huɗu sai ta saki tana haki, zufa ta tsattsafo mata a goshi kamar wadda ta yi daka. In na ɗora tafin hannu a ƙirjinta sai in ji wani abu yana karkarwa a ciki, irin na kyanwa in ta kwanta jikin mutum. Ba ta ƙiba. Ga tari. Wata bai cika ƙarewa ba sai ciwon haƙarƙari ya kama ta, in zamna ina kallon fatar tsakanin awazunta tana shiga tana fita.

Inna ta ce sanyi ne ya riga mu shiga ƙirjinta. Sai na sa shi gaba. Hula biyu nake sa mata, da safa, da rigar ulu har cikin bazara, lokacin da kowa ke biɗar inuwa. Ruwan randa bai taɓa shiga bakinta ba sai na ɗumama shi. Ina shafe ta da man shanu da tafarnuwa har mutane suna kauda hanci. In hadari ya taso, kafin iska ta iso na shige ɗaki da ita na toshe taga da tsumma. Matar wan maigidana takan leƙo ta ce, "Ke wai dafa ta za ki yi? In ta nuna a sam mini cinya." Ban taɓa yi mata dariya ba.

A asibitin Isa wani likita ya daɗe yana sauraren ƙirjinta, sannan ya tura mu Sakkwato a yi hoton zuciya. Can wata likita mace ta zana mana a takarda. Ta ce zuciya ɗaki huɗu ce, ita ko tamu akwai rami a bangon da ya raba ɗakuna biyu na ƙasa. Ta ramin nan jini ke kwarara zuwa huhu fiye da yadda huhu ke iya ɗauka, shi ke kawo tarin da hakin. Ta dubi hulunan da ke kan yarinyar ta ce, "Wannan ba sanyi ba ne, ki rage mata kaya." Na ce to. A raina kuwa na ce rami daban, sanyi daban. Ta ce sai an tsaga ƙirji an toshe ramin, kuma kada a daɗe. Akwai likitocin da ke zuwa wani babban asibiti lokaci-lokaci suna yin aikin sadaka. Ta sa sunanmu a takarda.

Tana da shekara ɗaya da wata huɗu anka kira mu. Birnin da asibitin yake tafiyar yini guda ne cur daga Sakkwato. Anka ba mu gado, anka ɗebi jininta, anka ce ranar Alhamis za a yi. Maigidana ya sa hannu a takarda. Sai sunka ce ana son mutum uku su ba da jini. Ba mu san kowa a garin ba, don haka ranar Litinin ya juya Turba ɗauko ƙannensa biyu, ya ce in Allah ya so Laraba da marece suna nan.

Ɗakin da anka kwantar da mu akwai na'urar sanyi tana hurawa dare da rana. In na rufe yarinyar da zane uku, nas ta zo ta cire biyu. In ta fita in mayar. Don haka da hantsi nakan goya ta in fita baranda mu sha rana.

Ranar Talata ina yawon nan na wuce wata ƙofa a buɗe. Wani mutum ne ciki, gajere mai tumbi, da koriyar riga da hular leda, yana zuba ruwa cikin wani inji. Ya ɗago ya ga zanen da ke fuskata, sai ya ajiye jarkar.

"Kai! Yau na yi tsintuwa. Bagobira har nan? Wa ya sako ki ba da izinina ba?"

Daga jin Hausarsa na san Bayarabe ne, su ko abokan wasanmu ne tun kakanni. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Yaushe bawa ya fara ba da izini? Ga shi ma na ishe ka kana ɗibar ruwa, aikin da ya dace da kai."

Ya yi dariya har tumbinsa na rawa. Ni ma na yi, karo na farko tun da munka baro gida. Ya tambayi lambar gadonmu, na faɗa mashi.

"Ah, ta Alhamis ce. To ki fara girmama ni tun yanzu, don ni zan riƙe mata zuciya."

Na ce riƙewa kamar yaya. Da wani ne daban da ban tambaya ba, kunya za ta hana ni. Amma da abokin wasa babu kunya. Ya ce in tsaya nan bakin ƙofa kada in shigo da takalmi, ya shiga nuna mini.

Inji biyu ne. Babban yana da wasu faya-fayai masu juyawa. Ya ce ba a iya ɗinke zuciya tana bugawa, sai an tsayar da ita. Kafin nan za a sa tiyo a janyo jinin yarinya waje, babban injin ya sa mashi iska ya tura shi cikin jiki, ya yi mata aikin zuciya da huhu har a gama. Wannan ban ji tsoronsa sosai ba, likitar Sakkwato ta ɗan faɗa mana.

Ƙaramin kuwa kamar firij ɗin mai shago yake, bisa tayoyi, da tiyo biyu masu kauri sun fito daga bayansa. Shi yake zuba wa ruwa. Na ce shi kuma wannan fa?

"Wannan shi ne autana. Shi ke sanyaya jinin."

Na ce, "Mi ka ce?"

"Kin san yadda kike sa kwanon kunu cikin ƙwaryar ruwa don ya huce wa yaro? To haka ne. Ruwan nan yana bi ta gefen jinin, ba sa haɗuwa, akwai shamaki tsakaninsu. Ruwan ya sanyaya jinin, jinin ya koma ya sanyaya jikin. Jikin da ya yi sanyi ba ya cin iska da yawa, sai ya kwanta lamo, ƙwaƙwalwa ta huta, likita ya yi aikinsa a tsanake."

"Jikin duka?"

"Duka. Daga kai har ƙafa. Taɓa ki ji."

Ya janyo tiyon guda ya miƙo mini. Ya yi raɓa a jikinsa kamar kwalbar da anka ciro daga ƙanƙara. Na kama shi da hannun dama. Sanyin ya bi ta tafina ya hau har gwiwar hannu, kuma ina jin ruwan yana gudu a ciki. A bayana ina jin ɗumin yarinyar, da numfashinta a wuyana. Shekara ɗaya da wata huɗu ban bari iskar hadari ta taɓa ta ba. Ga shi za a bi ta cikin jijiyarta a zuba mata sanyin da hannu.

Yana ta magana. Ya ce in an gama ɗinki sai ya murɗa nan, ruwan ya fara ɗumi, ya maido ta a hankali a hankali, ba a gaggawa, har zuciya ta kama bugawa. Ya ce ya yi wa yara da yawa, wasu ba su kai ta girma ba. Ya ce, "Tsaya kaɗan in juya shi ki ji ɗumin da hannunki, Bagobira, kada ki ce ƙarya nake." Na ce yarinya na son nono, na wuce. Ya ɗaga murya yana cewa in kawo mashi fura in maigidan ya zo.

Can ƙarshen baranda na kira Inna a waya. Na faɗa mata yadda na ji.

"Jinin nata za su sanyaya?"

"I, Inna. Sun ce za su ɗumama shi daga baya."

"Hmm. Ni dai tun da nike, ban ga wanda sanyi ya shiga jininai ya fita ba. Ke da anka gasa kwana arba'in don ɗan wanda ka shiga ta fata? Amma su ad da ilimi. Allah shi kyauta."

Ba ta ce in taho ba. Ina son a san wannan, don daga baya akwai masu ɗora mata. Ni na koma ɗaki, na ɗauki zane guda da katin yarinyar, na bar kwanoni da buta da bargon maigidana a kan gado don kada a gane. Matar gadon kusa da mu na ce mata za ni sayo koko. Na kashe wayar a bakin ƙofar asibiti. Da kuɗin abincin da ya bar mini na shiga mota.

Na kwana Sakkwato gidan wata gwaggona, na ce mata an ɗage aikin. Laraba na kama hanyar Sabon Birni, daga nan babur zuwa Gangara. A ranar ne maigidana da ƙannensa ke kan hanya suna tafiya can. Bai san komai ba, don asibitin sun yi ta kiran wayarsa ba ta shiga, sai da ya ishe gadon an canza mashi zane.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya iso Gangara. Bai yi ihu ba. Ya gaida Inna ya zamna bakin tabarma, idonsa ja, ya dubi yarinyar da ke cinyata.

"An jira ki har azahar ta Alhamis. Daga nan sunka ɗauki yaron da ke biye."

Na gyara wa yarinyar hula.

"Jinin dai mun ba da, ni da yaran nan, tunda mun riga mun je." Ya shafa hannunsa inda anka soka allura. "Likitocin sun ce suna nan har Litinin. In mun tashi gobe da sassafe za su duba. Tashi ki haɗa kaya."

Na ƙanƙame ta har ta fara kuka. Na ce ban zuwa. Na ce shi bai taɓa tiyon ba, ni na taɓa. Na ce in yana son a kashe ta, ya bari ta mutu a ɗakin da anka haife ta, da ɗuminta. Inna ta ce a bar ni in huce.

Sannan ya ce, "In na ƙwace ta na kai ta, wani abu ya faru, ni da ke mun gama zama har abada. Ko?"

Na ce, "Haka ne."

Ya tashi ya sa takalmi. Sau da yawa ina cewa da ma ya mare ni ranar nan ya ɗauke ta.

Abin da ya biyo baya shi ya fi cin raina. Yarinyar ta fara samun sauƙi. Kafin ta cika shekara biyu da rabi tarin ya ja baya. Haƙarƙari ya daina zuwa. Ta kama cin tuwo, kumatu sunka fito, ta tashi da ƙafarta tana bin awaki a tsakar gida. Karkarwar da nake ji a ƙirjinta ma ta ragu. Na ce ga shi nan, ɗumi ya kori abin. Inna ta riƙa ba da labarina a gidan suna, wai ɗiyarta ta fi likitoci hankali. Matar wan maigidana da kanta ta zo tambayata yadda nake haɗa man tafarnuwa.

Da shekara ta zagayo asibitin sunka sake kira. Maigidana ya rufe bakin wayar da hannu ya dube ni. Na nuna mashi ita tana tsallen igiya da bai wuce taku biyu ba, na ce, "Wagga za a tsaga?" Ya ce masu ta samu sauƙi. Likitar Sakkwato ta sa anka kira shi daban, ta ce ko da sauƙi a kawo ta a duba, don ba kowane sauƙi ne alheri ba. Lokacin hanya ba ta biyuwa saboda mutanen daji, ko kasuwar Isa sai an yi shawara ake zuwa. Munka ce in an samu lafiyar hanya. Da hanyar ta samu, ba wanda ya tada maganar, ni ko ina murna da ba a tada ba.

Tana da shekara huɗu da wani abu, jajibirin ƙaramar salla, na zamnar da ita in sa mata lalle. Na kama yatsunta na ga farcen ya riga ya yi duhu, shuɗi-shuɗi, kan kowane yatsa ya yi dunƙule kamar kan taɓarya. Na goge da ruwa, bai fita ba. Na ja leɓenta ƙasa na duba ciki, shi ma haka. Sai na tuna kwanakin nan in munka tafi rijiya takan tsaya sau biyu ta ce ƙaya ta soke ta, in na duba ƙafar babu ƙaya.

Bayan salla da kwana uku muna Sakkwato. Likitar nan dai ce. Ta gane mu, ba ta yi mana faɗa ba. Ta daɗe tana yawo da abin hoton bisa ƙirjin yarinyar, fiye da wancan karon, ta kira wani likitan shi ma ya duba. Sannan ta sa nas ta fita da ita sayen biskit.

Ta sake zana ɗakunan nan huɗu. Ta ce jijiyoyin huhu sun gaji da ambaliyar jinin da ke zuwa masu, sai sunka yi kauri sunka tsuke don su kare kansu. Shi ya sa tarin ya tsaya. Sauƙin da munka gani, ƙofar ce ke rufewa. Yanzu jini ya rasa hanyar shiga huhu sosai, sai ya juya ta ramin nan ya koma jiki bai ɗauki iska ba, shi ne duhun farcen. In an toshe ramin yau, zuciya ba ta da inda za ta sauke nauyi, sai ta tsaya.

Na ce, "Likita, na yarda yanzu. A sanyaya mata. Ko cikin ƙanƙara za a sa ta, na yarda. Kawo takardar in dangwala."

Ta ce, "Ba maganar yarda ba ce yanzu, ƙanwata. Lokacin aikin ya wuce."

"Da na bari waccan shekarar fa?"

Maigidana ya ce, "Likita, ba sai kin amsa mata ba."

Na ce a'a, ta amsa. Ta dube shi, ta dube ni. Ta ce babu aikin da ba shi da haɗari, kuma rai na Allah ne. Amma irin ramin ɗiyata, a waɗancan shekarun, shi ne wanda ake toshewa yaro ya tashi ya manta an taɓa yi mashi wani abu.

Ta rubuta magani. Ta ce yana rage wahala, ba ya warkarwa. Ta ce wasu suna kaiwa girma da shi, wasu ba su kaiwa, ba ta iya yanke mana. Kada a bar ta da ƙishirwa, kada a tilasta mata tafiya mai nisa, in zazzaɓi ya kama ta a kawo ta da wuri. Har yau maigidana bai taɓa cewa laifina ne ba. Inna da na faɗa mata, ta shiga ɗaki ta ja labule. Ta daina zuwa gidan suna kusan shekara.

Yanzu shekararta shida. Wayo gare ta, ta haddace surori fiye da sa'o'inta, don tana zamne lokacin da su ke guje-guje. Watan jiya anka yi biki a gidanmu, mata sun cika tsakar gida, ban san wadda ta yi maganar asibitin nan a gabanta ba. Bayan an watse da la'asar ina wanke-wanke ta zo ta tsuguna kusa da ni.

"Yaya, wai da gaske kin gudu da ni daga asibiti?"

Na ajiye kwanon. Na ce da gaske ne.

"Don mi?"

"Tsoro na ji."

Na jira ta ce tsoron mi, ina ta shirya yadda za ni faɗa mata. Ba ta tambaya ba.

"Gudu-gudu? Kina goye da ni?"

"Ina goye da ke."

"Har ina?"

"Har tasha."

Ta ɗan yi wasa da kumfar sabulu. Sannan ta ce, "Ni ban tuna ba. Goya ni ki sake, in ji yadda yake."

Na share hannuna a zane na duƙa, ta hau. Ta yi tsawo yanzu, ƙafafunta na kai mini gwiwa, amma ba ta da nauyi. Munka fita ta ƙofar baya zuwa gonar da anka girbe. Na ruga tsakanin kunyoyi, kututturan gero suna sukar ƙafata, tana riƙe da wuyana tana ihu, "Ƙara! Yaya, ƙara!" Na ƙara. Ta yi ta dariya har dariyar ta koma tari, na ji hannunta ya sassauta. Na tsaya na sauke ta gindin wani gawo. Leɓenta ya yi baƙi, tana jan iska da baki buɗe. Na riƙe ta a zamne ina shafa mata baya, ina ƙirga numfashin a raina har ya daidaita.

Da ta iya magana ta ce, "Gobe ma."

Na ce, "Allah shi kai mu."